Wa Ya Aikata? Tarihin Labaran Bincike Daga Dajin Dakoro Zuwa Kasuwar Kano

Labarin bincike yana da tsarinsa da ya raba shi da sauran labarai. Ana wayar gari a tarar an yi sata ko an yi kisa, ba a san wanda ya aikata ba. Sai wani mai lura ya zo ya tsinci 'yan alamomin da kowa ya gani ya wuce, ya auna maganar wannan da ta wancan, a ƙarshe ya fito da mai laifi da hujjar da ba ta musantuwa. Matasan Dakoro na yau sun san irin wannan labari sarai. Suna kallonsa a waya, suna sauraronsa a fada ana zagayen shayi, kuma da yawansu sun ɗauka baƙo ne da ya zo daga Turai. Gaskiya ne tsarin rubuta shi daga can ya fito. Amma basirar da ake gina shi a kanta ta daɗe a ƙasar nan tun kafin zuwan boko.

Makarantar daji da ta zaure

Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a daidai inda gonakin hatsi ke ƙarewa, filin kiwo ya fara. A 1947 Faransawa suka mai da ita mazaunin mulki, a 1961 kuma gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa wannan yanki ta wajen kwarin Tarka. Manoma Hausawa da makiyaya Fulani da Abzinawa duk nan suke haɗuwa, a bakin rijiya, a kan burtali, da kasuwannin dabbobi irin ta Sakabal. Duk inda dukiya ke tafiya da ƙafafunta kuwa, ɓata da sata ba sa ƙarewa. Wannan buƙata ce ta haifar da gwanayen bin sawu.

Mai bin sawu yana duƙawa kan rairayi ya gaya maka ko raƙumin na ɗauke da kaya ko ba ya ɗauke da komai, daga zurfin takunsa. Yana gane ko kiwo dabbar take yi tana karkata nan da can, ko kora ta ake yi a miƙe da gaggawa. Yana bambance sawun jiya da na yau, domin na jiya gefensa ya zube, ƙwari sun bi ta kansa da dare. Bushewar kashi tana gaya masa tazarar lokaci. In an kai kasuwa kuma, alamar wuta a cinya ko a wuya, da tsagar kunne, da bakin dillali, su ne ke raba gardama. Duk wanda ya san wannan aiki ya san ginshiƙin labarin bincike: ƙaramar alama, in ta samu mai karanta ta, tana kai mutum har ƙofar ɓarawo.

A gida kuma, da dare, ana wasa ƙwaƙwalwa ta wata hanyar. Kacici-kacici yana koya wa yaro ya gane abu daga siffarsa ba a ambaci sunansa ba. Akwai labaran da ake rufewa da tambaya, a bar masu sauraro su yi gardamar wanda ya fi gaskiya. Akwai na alƙalai masu hikima da ke sa mai laifi ya tona kansa da kansa. Frank Edgar ya tattara da yawa daga cikinsu a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku da suka fito tsakanin 1911 da 1913. Sai dai akwai abin lura: a yawancin tatsuniyoyinmu gwarzon shi ne mai wayon cuta. Tun farko mun san Gizo ne ya cinye abin, daɗin labarin kawai yadda zai sulale. Wannan ɗabi'a ta bi adabinmu tafiya mai nisa.

Zaurukan malamai sun ƙara nasu. Duk wanda ya zauna tafsirin Suratu Yusuf a watan azumi ya ji yadda riga ta zama shaida: wani daga dangin matar da ta zargi Annabi Yusuf ya ce a duba inda ta yage, ta gaba ko ta baya, kuma yagewar baya ta wanke Annabi Yusuf (AS). Littattafan tarihi na Larabci, har da na Ɗabari, sun kawo labarin 'ya'yan Nizar huɗu, Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, waɗanda suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba. Suka ce mai ido ɗaya ne, don gefe guda ya yi ta cin ciyawa. Suka ce ba shi da wutsiya, don kashinsa a tare yake, bai warwatsu ba. Mai raƙumi ya kafe su ne suka sace shi, har sai da suka yi bayani a gaban mai hukunci a Najran. Makiyayin Bermo ko Gadabeji, a wannan yanki namu, ba zai yi mamakin wannan labari ba, aikinsa ne na yau da kullum. Dare Dubu da Ɗaya ma, wanda aka buga fassararsa ta Hausa a 1924, asalin Larabcinsa na ɗauke da labarin tuffa uku: masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla da gawar mace a ciki, Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afar kwana uku ya nemo wanda ya kashe ta ko a kashe shi.

Yadda Turai ta ba shi tsari

Labarin raƙumin nan ya bi ta Farisa ya isa Turai, har Voltaire ya gina wani sashe na littafinsa Zadig a kansa a 1747, inda gwarzon ya siffanta karya da doki daga sawunsu. Amma sai a ƙarni na 19 labarin bincike ya tsaya da ƙafarsa. Birane sun cika, maƙwabci bai san maƙwabci ba, aka kafa sassan 'yan sandan ciki a Paris a 1812 da Landan a 1842, jaridu masu araha kuma suna neman labarin da zai sa a sake sayensu gobe. A 1841 Ba'amurke Edgar Allan Poe ya fito da Auguste Dupin, mai warware kisa da tunani kawai. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes, a 1920 Agatha Christie ta fito da Poirot, a 1931 kuma Georges Simenon ɗan Beljiyam ya fara jerin littattafan kwamishina Maigret. Sabon abin da suka kawo ƙa'ida ce guda biyu: a ɓoye mai laifi har ƙarshe, amma a shimfiɗa wa mai karatu dukan alamomi a fili, ta yadda in ya rufe littafin zai ga da ya lura da ya gane.

Boko ya zo, mai bincike bai zo ba

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko. A cikinsu, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa cike yake da wayon da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna da mutanen gari. Magana Jari Ce, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, ya kawo ɓarayi da alƙalai iri-iri. Laifi ya shiga rubutu ke nan, amma har yanzu idon marubuci yana kan mai wayo, kamar a zamanin Gizo.

Wannan yana da dalili. A zamanin mulkin mallaka ɗan doka a Najeriya da gardi a Nijar su ne fuskar haraji da aikin tilas. Mutumin da ake gudu in an hango rawaninsa ko hularsa, da wuya talaka ya ɗauke shi gwarzon labari. Wasu harsunan Afirka sun kauce wa wannan matsala da dabara. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiri Bwana Msa a 1960, farar hula mai warware asiri cikin Swahili. A ƙasar Yarbawa, Oladejo Okediji ya ƙirƙiri Lapade a 1969, tsohon ɗan sanda da ya ajiye kaki yana farautar miyagu da kansa.

A Hausa sai bayan arzikin man fetur da yaƙin basasar Najeriya manyan laifuffuka suka mamaye labari. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, kan ƙungiyar miyagu masu makamai. Mutanen Maraɗi, da ke rayuwa kan hanyar Ɗan Isa da Jibiya, sun san duniyar Turmin Danya ba sai an yi musu bayani ba.

Hanyoyi biyu da suka haɗu a Maraɗi

Iyakar da Turawa suka ja ta raba masu karatu gida biyu. A Kano da Katsina da Zariya 'yan sakandare sun taso da littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara a 1977, inda 'yan Arewa irin su Mohammed Sule da Mohammed Tukur Garba suka yi rubutu da Turanci. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya ce ta fi yawa, amma marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun buɗe wa labaran bincike da ta'addanci fage a Hausa, suka samu masu karatu musamman cikin samari.

A Nijar kuwa, wanda ya yi lakwal da Faransanci ya yi karatu. Shi ya san Maigret da littattafan leƙen asiri na SAS da ake shimfiɗawa a bakin hanya, kuma shirin Derrick na Jamus, da aka yi daga 1974 zuwa 1998, ya yi farin jini ƙwarai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Daga baya Moussa Konaté na Mali ya nuna cewa Sahel ma na iya haifar da nata mai bincike. Kwamishinansa Habib ya bi kisa daga unguwar Bankoni ta Bamako zuwa ƙasar Dogon har Tambutu, kuma a kowane wuri sai ya fahimci al'adar mutane kafin ya gane laifin.

Amma mafi yawan mutanen karkara ba su bi ko ɗaya daga hanyoyin nan biyu ba, don karatun boko, na Faransanci ko na Hausa, bai wadatu ba. Kunne da ido ne suka isar musu da labarin. Wasan kotu na Kuliya Manta Sabo daga talabijin ta Kano ya koya wa jama'a daɗin sauraron shaidu. Kaset da faifan bidiyo sun bi motocin kasuwa daga Kano zuwa Maraɗi zuwa Dakoro, ana kallo a gidajen kallo da janareta. Finafinan Basaja na Adam A. Zango sun dawo da tsohuwar ɗabi'a, ɗan damfara ne tauraro, jami'an tsaro na bin bayansa. Shirin Kwana Casa'in, da tashar Arewa24 ta fara a 2019, ya juya akalar, ya sa ɗan jarida yana tono asirin masu mulki. Yau masu tura finafinai a waya sun maye gurbin masu kaset, ga finafinan Indiya na 'yan sanda da aka fassara da Hausa, ga littattafan da ake karantawa da murya a YouTube ana rarrabawa ta WhatsApp. Wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya sauraron littafi sukutum yana kan amalanke.

Abin da ya rage

Mafi yawan abin da ake kallo da saurare a Dakoro daga Kano ko Indiya yake zuwa. Mun zama masu saye, alhali kayan haɗin suna hannunmu: garken da ya ɓace dare ɗaya, gonar da aka ci iyakarta, gadon da aka ɓoye takardarsa, buhunan taimako da suka salwanta tsakanin sito da ƙauye. Mai binciken ma ba dole ne ya zama jandarma ba. Dillaliya da ke shiga kowane gida, da ungozoma, da malamin makarantar ƙauye, kowannensu yana ganin abin da hukuma ba ta gani.

Wannan adabi ya wuce nishaɗi. A garuruwanmu har yanzu ana zargin tsohuwa da maita don yaro ya yi zazzaɓi, ana zuwa wurin boka ya nuna ɓarawo, ana rufar wa baƙo da duka don wani ya yi ihu. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Yaron da ya saba da labarin bincike ya saba da tambayar ina hujja, wa ya gani, me ya sa maganar shaidu ta saɓa. Ya kuma koyi cewa wanda kowa ya fara zargi sau da yawa ba shi ne ba.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshe kuwa da abin karantawa yake ƙarfi, kuma babu abin da ke sa matashi ya gama littafi kamar son sanin wanda ya aikata. Don haka kira ga malaman makarantu su sa ɗalibai gasar rubuta gajerun labaran bincike da Hausa, gidajen rediyon al'umma su ba su fili a karanta su, matasa masu waya kuma su fara rubuta nasu da sunayen garuruwansu da matsalolinsu. Sharaɗi guda ne a kiyaye: kada aljani ko mafarki ya warware asirin, a bar hankali da hujja su yi aikinsu.