Atisayen Dawo da Haɗiya Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki na faruwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ban da hannu da ƙafa da magana, cutar kan taɓa haɗiya, domin ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa tsokokin baki da harshe da maƙogwaro. Kusan rabin waɗanda abin ya sama kan yi fama da wahalar haɗiya a kwanakin farko. Yawancinsu na samun sauƙi cikin 'yan makonni, wasu kuma sai sun daɗe suna atisaye.

Haɗarin da ke ciki

Hanyar abinci da ta numfashi suna haɗuwa a maƙogwaro. Idan mai lafiya ya haɗiye, maƙogwaronsa kan ɗaga sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar numfashi. Idan tsokokin suka yi rauni, sai ruwa ko abinci ya zarce huhu ya jawo nimoniya, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke hallaka irin waɗannan majinyata.

Alamomin sun haɗa da tari ko ƙwarewa wajen ci da sha, dalalar yawu, canjin murya bayan haɗiya, maƙalewar abinci a kumatu, da zazzaɓi. Wani ko tari ba ya yi, alhali ruwan yana shiga huhunsa. Saboda haka kada a ba majinyaci ruwa, shayi ko jiƙon magani sai an gwada haɗiyarsa a asibiti.

Atisayen da aka fi sani

Likita ko ƙwararren mai gyaran magana da haɗiya ne zai zaɓi wanda ya dace, domin raunin kowa daban ne.

1. Haɗiya da ƙarfi: a matse harshe da maƙogwaro sosai a haɗiye yawu, kamar mai haɗiyar babbar loma.

2. Atisayen Mendelsohn: idan maƙogwaro ya ɗaga wajen haɗiya, a riƙe shi a sama daƙiƙa 2 zuwa 3 kafin a sake shi.

3. Atisayen Shaker: a kwanta rigingine, a ɗaga kai ana kallon yatsun ƙafa, kafaɗu na ƙasa. A riƙe minti 1, a huta minti 1, har sau 3, sannan a ɗaga kai a sauke sau 30. Ana yin haka sau 3 a rana, tsawon mako 6. Bai dace da mai ciwon wuya ba.

4. Atisayen Masako: a ɗan riƙe bakin harshe tsakanin haƙora a haɗiye yawu. Ba a yin sa da abinci ko ruwa a baki.

Aikin masu jinya

A zaunar da majinyaci tsaye sosai lokacin ci, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. A ba shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, ba gaggawa, ba hira, kuma ba a ciyar da mai gyangyaɗi. Sau da yawa kunu mai kauri ya fi ruwa sauƙin haɗiya, amma likita ne zai faɗi kaurin da ya dace. A wanke masa baki safe da yamma. Idan aka ce a sa masa robar abinci ta hanci, kada dangi su ƙi: tana kare shi daga yunwa da ƙishi har haɗiyar ta dawo.