Lokacin da ake hana uwa jinyar ɗanta

A asibitocin Ingila na shekarun 1940, idan aka kwantar da ƙaramin yaro, uwarsa miƙa shi take yi ta koma gida. Wasu asibitocin sukan bar iyaye su zo dubiya sau ɗaya a mako, wasu ma ba sa bari sam. Hujjarsu ita ce kada a shigo da cuta daga waje, ga shi kuma duk ranar da iyaye suka zo suka tafi sai ɗaki ya kaure da kuka. Yaron da ya gaji da kuka ya kwanta shiru, sai ma'aikatan jinya su ce ai ya saba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara tona asirin wannan shirun. A watan Satumba na 1939 gwamnati ta kwashe yara daga birane zuwa karkara don gudun bama-baman Jamus. Kafin shekarar ta ƙare, likitoci uku, John Bowlby da Donald Winnicott da Emanuel Miller, suka yi gargaɗi cewa raba ɗan ƙasa da shekara biyar da uwarsa na iya bar masa tabo a zuciya. Anna Freud da Dorothy Burlingham, da suka buɗe gidan renon yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita a Hampstead, sun lura cewa ƙarar bam ba ta gigita ƙaramin yaro kamar rabuwa da uwarsa.

A wannan gida akwai wani ma'aikaci, James Robertson, wanda ya ƙi shiga soja saboda aƙida, aka ba shi kula da tukunyar ɗumama ɗakuna. Da yake kowane ma'aikaci sai ya rubuta abin da ya gani game da yaran, nan ya koyi sa ido. A 1948 Bowlby ya ɗauke shi aiki a cibiyar Tavistock da ke Landan, ya tura shi ɗakunan yara na asibitoci. Abin da ya gano hawa uku ne: yaro ya fara da kuka da bore, sai ya yanke ƙauna ya yi lamo, daga bisani ya riƙa wasa da kowa, amma in uwarsa ta zo ya kau da kai. Likitoci ba su yarda ba.

Sai ya ɗauki kyamara. Ya bi wata yarinya 'yar shekara biyu da 'yan watanni, wadda ta yi kwana takwas a asibiti don aikin cibiya. Yakan ɗauke ta a lokuta ƙayyadaddu, da agogo a cikin hoton, don kada a ce ya zaɓi lokacin da take kuka ne. Da aka nuna fim ɗin ga likitoci da ma'aikatan jinya a 1952, ransu ya ɓaci, wasu suka ce ƙazafi ne aka yi wa sana'arsu. Ba mugaye ba ne. An nuna musu abin da suke wucewa ta gabansa kullum ne. Sai a 1959 rahoton kwamitin Harry Platt ya ba da shawarar a bar iyaye su shiga a kowane lokaci, uwar ƙaramin yaro kuma ta kwana tare da shi. Ko a nan ma asibitoci sun yi ta jan ƙafa, har wasu iyaye mata suka kafa ƙungiya a 1961 suna matsa lamba.

A ganina Bowlby ya zarce, domin ya ɗora kusan komai a wuyan uwa ita kaɗai, wasu kuma suka fake da maganarsa don hana mata fita aiki. Wani likita, Michael Rutter, ya gyara wannan a 1972: yaro na iya shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya, kuma rikicin gida da rashin mai kula tsayayye sun fi rabuwar kanta illa. Duk wanda ya tashi a hannun kaka ko goggo bayan yaye ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Hasali ma, abokiyar aikin Bowlby, Mary Ainsworth, a ƙauyukan kusa da Kampala ta fara bincikenta kan shaƙuwar jariri a 1954.

A shekarar nan ce kuma Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro, kusa da Abeokuta, inda mai taɓin hankali ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa mai jinya yana karɓar magani. Yau ƙwararren da aka kai wa yaro mai firgita, ko budurwar da ta daina cin abinci, da wuya ya tsaya kan yaron kaɗai: zai ce a turo masa iyayen, ya tambayi wa ke kwana da shi, wa kuma ya bar gidan kwanan nan.