Yadda Lambu da Taswira Suka Shiga Ajin Ƙananan Yara

Makarantar renon yara, wadda ke karɓar 'yan shekara uku zuwa shida, ba ta cika shekara ɗari biyu da kafuwa ba. Abin da ya raba ta da makarantun da suka gabace ta shi ne, tun farko an gina ta a kan cewa yaro ƙarami da hannunsa da idonsa yake fara koyo, kafin littafi ya zo. Daga wannan tushe darussa biyu suka tsiro: sanin halittun da ke kewaye da yaro, da sanin mutanen duniya da al'adunsu. Na farko ya riga na biyu kafuwa da shekaru masu yawa.

Tunanin ya girmi makarantar. A 1658, malamin nan na ƙasar Morabiya, Comenius, ya buga wani littafin yara mai hotuna wanda ya jera tsirrai, dabbobi, sana'o'i da addinan mutane, don yaro ya ga abu kafin ya haddace sunansa. A Suwizalan, Johann Heinrich Pestalozzi ya riƙa koyar da lissafi da labarin ƙasa da abubuwan da ake iya taɓawa. A 1816 kuma, Robert Owen, mai masaƙar auduga a garin New Lanark na Sikotlan, ya buɗe wa ƙananan 'ya'yan ma'aikatansa makaranta. An ƙawata ɗakin da hotunan dabbobi da taswirori, ana shigo da abubuwa daga lambu da daji don yara su gani su yi tambaya.

Wanda ya tattara wannan tunani ya mai da shi tsari shi ne Friedrich Froebel. An haife shi a 1782 a ƙauyen Oberweissbach, cikin yankin Thuringia mai dazuzzuka a Jamus. Mahaifiyarsa ta rasu bai cika shekara ɗaya ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kai shi koyon aikin gandun daji, inda ya saba da itatuwa da tsirrai. Ya fara koyarwa a Frankfurt a 1805, ya zauna wajen Pestalozzi a Yverdon daga 1808 zuwa 1810, daga baya ya yi aiki a gidan adana duwatsun ma'adinai na Balin. Daji ya nuna masa cewa kowace halitta da lokacin girmanta, duwatsun kuma suka nuna masa cewa akwai tsari a cikin siffofin halitta. Waɗannan biyu su ne ginshiƙan makarantar da ya buɗe a Bad Blankenburg a 1837, wadda ya raɗa wa suna Kindergarten a 1840.

A tsarin Froebel, kowane yaro yana da ɗan fangalinsa a lambun makaranta. Shi zai shuka, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa, ya jira tsiro. Akwai kuma fili na tarayya da duka yaran ke nomawa tare, don su koyi cewa wani amfanin sai da haɗin kai. A cikin ɗaki ya tanadi kayan wasa jere da jere, ya kira su kyaututtuka. Ta farko ƙwallaye shida ne na ulu masu launi daban-daban. Ta biyu guntayen katako uku ne: mai siffar ƙwallo, mai siffar ganga, da mai fuska shida. Ta uku katako ne mai fuska shida da aka raba gida takwas, yaro ya wargaza ya sake haɗawa. Bayan waɗannan akwai saƙar takarda, ginin yumɓu, waƙa da wasan da'ira. Ya kuma dage cewa mata su ne suka fi dacewa da wannan aiki, ya horar da su a zamanin da ba a cika ba mace aikin koyarwa ba.

A 1851 gwamnatin Furushiya ta haramta waɗannan makarantu, bisa zargin cewa suna yaɗa gurguzu da rashin addini. Froebel ya rasu a 1852, ba a kuwa ɗage haramcin ba sai 1860. Sai dai hanin ya zo a lokacin da Jamusawa da yawa ke barin ƙasa bayan rushewar yunƙurin juyin juya hali na 1848, suka tafi da tsarin duk inda suka sauka. Bertha Ronge da mijinta sun buɗe ta farko a Landan a 1851. Margarethe Schurz ta buɗe ɗaya da harshen Jamusanci a Watertown ta jihar Wisconsin a Amurka a 1856, Elizabeth Peabody ta buɗe ta Turanci a Boston a 1860, sannan Susan Blow ta shigar da tsarin cikin makarantun gwamnati a St. Louis a 1873. A 1876 ya isa Tokiyo.

Yayin da birane suka cika da hayaƙin masana'antu, darasin halittu ya ƙara daraja, domin an sami yaran da suka tashi ba su san gona ba. A Amurka, Anna Botsford Comstock ta Jami'ar Cornell ta fitar da babban littafin jagora a 1911, wanda ya koya wa malamai yadda za su sa yara lura da tsuntsu, ƙwaro da ganye da idanunsu. A Landan, 'yan'uwa biyu mata, Rachel da Margaret McMillan, sun kafa makarantar reno a sarari a unguwar talakawa ta Deptford a 1914, inda lambu, iska mai kyau, abinci da wanka suka zama cikin karatu.

Sanin duniya da mutanenta ya sami gindin zama ne ta hannun Maria Montessori, ɗaya daga cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya. Ta buɗe Gidan Yara na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum ran 6 ga Janairu, 1907. Matsalar da ke gabanta ita ce, yaro yana iya taɓa ganye, amma ba ya iya taɓa nahiya. Makarantun da ke bin tsarinta sun warware wannan da kayan aiki. Akwai ƙwallon duniya wanda ƙasa a jikinsa take da kaushi, teku kuma da santsi, yaro ya shafa ya ji bambanci. Akwai taswirar katako da ake ciro kowace nahiya a mayar. Akwai farantai da ake gina tsibiri ko tafki a ciki, a zuba ruwa. Daga nan sai hotunan gidaje, tufafi, abinci da dabbobin kowace nahiya. Zamanta a Indiya daga 1939 zuwa 1946, musamman a tsaunukan Kodaikanal tare da ɗanta Mario, ya faɗaɗa tunaninta. Ta koyar da cewa bukatun ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, wato ci, sutura, muhalli da abin bauta, ƙasa da yanayi ne ke sa kowace al'umma ta biya su ta hanyarta. Da wannan, darasin halittu da na al'adu suka zama darasi ɗaya.

A Niyok, Lucy Sprague Mitchell ta bi wata hanyar. Ta ce a fara da abin da ke ƙofar gida: a kai yara tashar jiragen ruwa da kasuwa, su dawo su gina abin da suka gani da katako, su tambayi inda kayan suka fito. Ta bayyana wannan a littafinta na 1934 kan yara da labarin ƙasa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, koyar da al'adun wasu ya zama batun zaman lafiya. An kafa hukumar UNESCO a 1945, a 1974 kuma ta fitar da shawarwari kan ilimin fahimtar juna tsakanin al'ummai. Da ƙarewar yaƙin kuma, iyaye a yankin Reggio Emilia na Italiya suka gina wa 'ya'yansu makarantu tare da Loris Malaguzzi, inda yara ke shafe makonni suna binciken abu guda, kamar inuwa ko ruwan sama. A Denmak da Suwidin, daga shekarun 1950, aka fara kai yara daji su yi wuninsu a can. Jamus ta amince da irin wannan makaranta a hukumance a Flensburg a 1993.

Darasin al'adu ya gamu da gyara mai muhimmanci a 1989, lokacin da Louise Derman-Sparks ta soki yadda ake taƙaita al'adar mutane ga bikinsu da tufafinsu na ado, a yi musu kallon 'yan yawon buɗe ido. Tun daga nan malamai da yawa suka koma gayyatar iyayen yara su zo su dafa abincin gidansu, su yi tatsuniya da harshensu, su nuna sana'arsu ta yau da kullum.

A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya binciken halittu da muhalli ta hanyar wasa cikin manufofin karatun share fagen firamare, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta shigar da kula da ƙananan yara cikin tsarin gwamnati. Cika wannan manufa ba ya neman kaya masu tsada. Ƙwayar wake a gwangwani, yumɓu, taswira da malama mai horo sun isa a bi hanyar da Froebel da Montessori suka shata, wato a fara da abin da yaro ke iya riƙewa, a bi da shi sannu a hankali zuwa ga mutane da ƙasashen da bai taɓa gani ba.