Rikicin kwabo 50: yadda gardamar kuɗin jami'a ta ɓarke a 1978

A farkon shekarar 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta sanar da cewa ɗaliban jami'a za su riƙa biyan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincinsu na kowace rana. Sanarwar ta fito ne daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda Dakta Jibril Aminu ke shugabanta, amma ɗalibai suka ɗora laifin a kan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. Taken da suka ɗauka, "Ali Must Go", wato dole Ali ya sauka, shi ya zama sunan rikicin har yau. Kafin watan Afrilu ya ƙare an zubar da jini a Legas da Zariya.

Tushen maganar ya girmi wannan shekara. Ana gab da samun 'yancin kai, jami'a ɗaya tak ke ƙasar, ita ce Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan. A 1959 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby, cikin membobinsa har da Farfesa Kenneth Dike da Shettima Kashim Ibrahim, domin ya ƙiyasta irin ma'aikatan da sabuwar ƙasa za ta buƙata nan da shekara ashirin. Rahotonsa na 1960 ya ba da shawarar jami'o'i huɗu. 'Yan siyasa ba su tsaya nan ba. Nsukka ta buɗe a 1960, sannan a 1962 aka samu Legas da Ife da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kowane yanki yana son tasa, kuma yana da hujja: Arewa tana fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi da manyan ma'aikata 'yan asalinta, ba za ta zauna jiran guraben Ibadan ba.

Sai kuɗin man fetur ya shigo bayan 1973. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna, ta kuma tsara sababbi guda bakwai a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba da Fatakwal. A 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1977 aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'i. Waɗanda suka yi karatu a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a wancan zamani har yanzu suna ba da labari: ɗalibi ya yagi tikitinsa ya miƙa a ɗakin cin abinci, a zuba masa shinkafa da nama, ranar Lahadi a ba shi kaza, ga masu wanki da guga, ga masu gyaran ɗaki. Ga ɗan manomi daga Funtuwa ko Azare, wanda shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a, wannan tsari shi ya sa karatun ya yiwu.

Matsalar ita ce an ɗauki wannan nauyi ne da kuɗin kaka, ba a yi tanadin bazara ba. Da kuɗin shiga na mai ya ja baya a 1977 zuwa 1978, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ta ce ba za ta iya ciyar da ɗalibai a tsohon farashi ba, tunda yawansu ƙaruwa yake yi. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ƙasar da ta kashe maƙudan kuɗi a bikin FESTAC na 1977 ba ta da bakin cewa kwanon abincin ɗalibi ya fi ƙarfinta. Aka zauna tattaunawa, ba a daidaita ba, ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa. Ranar 18 ga Afrilu 'yan sanda suka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin Jami'ar Legas. Da labari ya iso Zariya ɗalibai suka fito, sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayuka.

Gwamnati ta haramta NUNS, ta kori Okeowo daga makaranta, ta sallami wasu malamai da ta zarga da zuga ɗalibai. Shugabannin jami'o'i biyu, Farfesa Iya Abubakar na Zariya da Farfesa Ade Ajayi na Legas, suka rasa kujerunsu. A ganina hujjar gwamnati game da kuɗi ba ƙarya ba ce, lissafin ba ya fita. Laifinta shi ne ta yi alkawari ba tare da ta faɗa wa jama'a daga ina kuɗin zai riƙa fitowa ba, sannan da aka tambaye ta, ta amsa da bindiga.

A wannan shekara ta 1978 aka kafa ƙungiyar malaman jami'a ASUU, kuma ita ta gaji gardamar. Zariya ta sake ganin jinin ɗalibai a watan Mayun 1986. Gwamnatin Babangida ta haramta ASUU a 1988 da kuma 1992, lokacin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero yana shugabanta. Amma daga yarjejeniyar da gwamnati da ASUU suka ƙulla a 1992 ne aka samu amsa mafi ma'ana da aka taɓa bayarwa kan wa zai biya: dokar 1993 da ta ɗora harajin kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni domin ilimi. Asusun da ake tara wannan haraji a cikinsa ne ya zama TETFund a 2011, kuma duk wanda ya zaga jami'o'inmu zai ga sunansa a jikin ɗakunan lacca da na gwaje-gwaje. Sai dai asusun gini yake yi da horar da malamai, ba ya biyan albashi, ba ya ciyar da ɗalibi. Shi ya sa yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU ta zama abin jayayya shekara da shekaru, har yajin aikin wata takwas na 2022.

Har gobe a takarda babu kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Amma a 2023 jami'o'i da dama sun ninka kuɗin rajista, iyaye kuma ba ruwansu da sunan da aka sa wa kuɗin, tunda daga aljihunsu yake fita. Sabuwar hanyar da gwamnati ta ɗauka ita ce bashin karatu ta asusun NELFUND, bisa dokar 2024, wanda ɗalibi zai fara biya shekara biyu bayan ya gama hidimar ƙasa. Ma'ana, an mayar da nauyin kan albashin da matashin bai riga ya samu ba, a ƙasar da dubban masu digiri ke zaune babu aiki.