Daga Jar Leda zuwa Verilog: Yadda Aka Koma Rubuta Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

A shekarar 1971, lokacin da kamfanin Intel ya fitar da 4004, ɗan guntun silikon mai transisto wajen 2,300, da hannu aka yi zanensa. Ma'aikata ne ke sunkuyawa kan tebur mai fitila a ƙarƙashi, suna yanka jar leda da 'yar wuƙa, layi bayan layi. Da transisto suka haura dubu ɗari, sai ido da hannu suka gaza.

Abin ya fi ci wa ma'aikatar tsaron Amurka tuwo a ƙwarya. Tana sayen kayan lantarki daga kamfanoni barkatai, kowanne da nasa salon bayani. In wani guntu ya lalace bayan shekaru, masu yinsa kuma sun daina, sai a rasa mai sake ƙera irinsa. A 1983 ta ba kamfanonin Intermetrics da IBM da Texas Instruments kwangilar samar da yare guda na bayyana aikin kowane guntu. Nan aka haifi VHDL, wanda ya ɗauko tsarinsa daga yaren Ada, hukumar IEEE kuma ta amince da shi a 1987. A wannan tsakanin ne kuma Phil Moorby na kamfanin Gateway ya tsara Verilog, mai kama da yaren C. Kamfanin Cadence ya saye Gateway, ya buɗe yaren ga kowa a 1990.

Duka biyun, tun asali, na bayani ne da gwaji: ka rubuta yadda na'ura za ta yi aiki, kwamfuta ta kwaikwaya maka. A ganina babban juyin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1980, da kamfanin Synopsys ya kawo manhajar da ke karanta rubutun ta fitar da ainihin haɗin sassan guntu da wayoyinsu. Takardar bayani ta zama ita ce zanen.

Wannan tarihi shi ke wahalar da ɗalibai har yau. Wanda ya saba da C yana zaton layi na biyu na jiran na farko ya gama. A Verilog kuwa sassan na'ura duk tare suke aiki, kamar masu daka da ke bin kiɗa ɗaya, agogon na'ura ne makaɗinsu. Ga kuma jimlolin da ke tafiya lafiya lau a gwaji, alhali ba wayar da za ta iya aikata su.

A 2012 masana a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun fito da Chisel, a cikin yaren Scala, suka ƙera na'urorin RISC-V da shi. Shi ma in ya gama lissafinsa, Verilog yake miƙa wa sauran manhajojin ƙira.