Tana ko gara: da wane ma'auni za a auna ran ƙasar noma?

Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 59 cikin ɗari na nau'o'in halittun duniya a cikin ƙasa suke zaune. Adadin ya ja hankalin masana, amma bai gaya wa manomin Maraɗi ko Daura halin da gonarsa take ciki ba. Sai an auna, kuma a wurin awon ne gardamata take.

Tun da Charles Darwin ya rubuta littafinsa kan tana a 1881, ƙirga tana ya zama ɗaya daga cikin ma'aunan da aka fi yarda da su. Akan yanko dunƙulen ƙasa mai faɗin santimita 25 kowane gefe da zurfin 30, a tsince abin da ke ciki da hannu. A sassan Turai inda damshi bai cika yankewa ba, wannan yana iya wadatarwa. Amma wanda ya haƙa jigawa a watan Maris da wuya ya ga tana ko ɗaya, sai ya rubuta cewa ƙasar ta mutu. Hukuncin kuskure ne, domin a Sahel gara ce ke riƙe da aikin da tana ke yi wa ƙasa.

Wani mai bincike, Abdoulaye Mando, ya gwada haka a arewacin Burkina Faso a shekarun 1990. Ya shimfiɗa ciyawa a kan fako, ya sa maganin ƙwari a wasu filayen, ya ƙyale wasu. Inda aka bar gara, ta huda ɓawon ƙasar, ruwa ya shige, tsiro ya dawo. Inda aka kore ta, tasirin ciyawar bai kai haka ba. Ramukan zai da manomi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da su a Yatenga, waɗanda mutanen Tawa ke kira tassa, da wannan suke aiki: takin da aka zuba a rami shi ke kiran gara.

Na san manomi zai ce gara na cin rumbu da gyaɗa, kuma bai yi ƙarya ba. Shi ya sa bai kamata awo ya tsaya ga yawa ba. A tantance nau'i, a yi shi da damina, a haɗa da saurin shigar ruwa cikin ƙasa.

Wahalar ta fi yawa wajen kula da garar. Karan gero da dawa da gara ke buƙata, shi ne abincin dabbobi da rani, shi ne danga, shi ne makamashi. Duk shirin da zai ce a bar kara a gona, sai ya fara faɗa wa manomi abin da tumakinsa za su ci kafin ruwa ya sauka.