Dutsen Zuma: Hanyar Isa Gindinsa da Yadda Ake Hawansa

Dutsen Zuma dunƙulallen dutse ne guda ɗaya da ke kusa da garin Madalla a Jihar Neja, a bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tsayinsa daga gindi zuwa ƙololuwa ya kai kimanin mita 300, kuma hotonsa ne ke bayan takardar naira 100 da aka fara fitarwa a 1999. Ko da yake ba a cikin Babban Birnin Tarayya yake ba, kusancinsa da iyaka ya sa ake kiransa ƙofar shiga Abuja, kuma yana cikin duwatsu mafi wahalar hawa a yankin.

Tarihi

A zamanin yaƙe-yaƙe, Gwarawa sun riƙa fakewa a dutsen don tsira daga mahara. Har yau mazauna kewayensa na girmama shi, musamman saboda siffar fuskar mutum da ake gani a jikinsa. Garin Suleja da ke kusa shi ne tsohuwar Abuja, wadda Haɓen Zazzau suka kafa bayan jihadi.

Hanyar zuwa

Daga tsakiyar Abuja, matafiyi zai bi babban titin Kubwa har zuwa Zuba, sannan ya kama hanyar Kaduna ta Madalla. Tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba. Wanda ba shi da mota zai iya shiga motar haya mai zuwa Zuba ko Suleja, daga nan ya hau acaɓa ko keke mai ƙafa uku.

Ganin dutsen daga titi ba shi ne samun mahawarsa ba. Mafi yawan ɓangarorinsa a miƙe suke kamar bango, babu marikin hannu. Saboda haka wajibi ne a nemi ɗan jagora daga ƙauyukan da ke gindinsa, a kuma sanar da shugabannin gari kafin a fara.

Lokacin da ya dace

Rani ne lokacin hawa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da falalen ya bushe kuma iska ke da sanyi. Da damina dutsen kan yi santsi, ga haɗarin tsawa ga wanda hadari ya riska a sama. A watannin Maris da Afrilu kuwa, falalen kan ɗauki zafin da ke ƙona tafin hannu tun kafin azahar. Shi ya sa ake sammako, a sauko kafin rana ta take.

Guzuri da kiyayewa

Mai hawa na buƙatar takalmi mai kama dutse, isasshen ruwa, ɗan abinci mara nauyi da jakar goyo, domin hannuwansa biyu su kasance a sake. A wurare masu gangara sosai akan yi amfani da igiya, wani lokaci har da rarrafe. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwoyi sun gaji kuma nauyin jiki na rinjayar mutum gaba.

Ba a hawa Zuma mutum ɗaya. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya tuntuɓi likita tukuna. Wanda bai saba ba zai fi kyau ya fara gwada ƙafarsa a ƙananan duwatsun Katampe, Mpape ko Ushafa.